Zawon Jinin Da Ke Komawa Kan Ƙodar Yara

Akwai wani irin zawo da ba ya nuna muguntarsa sai lokacin da iyaye suka fara hamdala. Yaro ɗan shekara biyu ko uku zai fara da murɗar ciki mai tsanani, yana naɗe ƙafafu yana kuka. Zawon ruwa ya biyo baya. Bayan kwana ɗaya zuwa uku sai a ga jini a bayan gidansa, wani lokaci ma jinin ya fi kashin yawa. Jikinsa kuwa ba zafi sosai, wani yaron babu zazzaɓi ko kaɗan, shi ya sa a gida ake ɗauka abin da sauƙi. A ce basir ne, ko a ce haƙori yake fitarwa. Bayan kamar mako guda zawon ya ja baya, yaro ya fara karɓar koko.

Ga mafi yawan yara, nan maganar take ƙarewa. Amma ga wasu, a daidai wannan mako ne ciwo na biyu yake kunno kai, kuma ya fi na farko haɗari nesa ba kusa ba. Yaro ya yi fari fat, tafin hannunsa da cikin idonsa su koɗe. Kasala ta kama shi, ya yi ta barci ko ya yi ta rigima ba dalili. Fitsarinsa ya ragu, ko ya koma launin baƙin shayi, ko ya ɗauke gaba ɗaya. Fuska da ƙafafu su kumbura. A wasu yaran akan ga ɗigo-ɗigon jini a ƙarƙashin fata. Abin da ya faru shi ne gubar da ƙwayar cutar ta zuba a hanji ta shiga jini, ta isa ƙoda.

Likitoci na kiran wannan ciwo da haruffa uku, HUS. Abubuwa uku ne ke haɗuwa a cikinsa: jajayen ƙwayoyin jini su farfashe, ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini su ƙare, ƙoda kuma ta tsaya da aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin waɗanda suka kamu da wannan ƙwayar cuta, har kashi 10 cikin 100 na iya kaiwa ga HUS, kuma yara ƙanana da tsofaffi su suka fi faɗawa ciki. Cikin waɗanda ya kama, kashi 3 zuwa 5 ke mutuwa. Wannan lissafi na wuraren da ke da injin wankin ƙoda da jinin ƙari a kusa ne. A ƙasashe da dama da ke riƙe da alƙaluma, HUS ne kan gaba wajen sa ƙodar ƙananan yara ta tsaya farat ɗaya.

Daga hanjin saniya

Sunan ƙwayar E. coli. Wani likitan yara Bajamushe, Theodor Escherich, shi ya fara bayyana ta a 1885, kuma a cikin kashin jarirai ya same ta. Kowane ɗan Adam yana ɗauke da ita a hanjinsa tun kwanakin farko na rayuwa, mafi yawan ire-irenta kuma ba sa cutarwa. Matsalar tana wajen wasu 'yan tsiraru da suka samu ikon yin guba. Gubar irin wadda ƙwayar atuni mai tsanani ke yi ce, ƙwayar da Kiyoshi Shiga ya gano a Japan a 1897, don haka ake ce mata gubar Shiga. Wadda ta fi suna a wannan dangi ita ce O157:H7, amma akwai 'yan'uwanta irin su O26 da O111 da O104 da suka yi ɓarna su ma.

An daɗe ana ganin ciwon ba a san mafarinsa ba. Wani likitan yara a Zurik ta ƙasar Suwizalan, Conrad Gasser, ya bayyana shi a 1955. A Ajantina, inda yaran da ke kamuwa suka fi na ko'ina yawa, Dakta Carlos Gianantonio ya tattara bayanan yaran da ya duba a Buenos Aires ya wallafa a 1964, ya kuma nuna cewa in aka wanke wa yaro ƙoda a kan lokaci, yakan rayu har ƙodar ta farfaɗo da kanta. Sai a 1983 Dakta Mohamed Karmali da abokan aikinsa a asibitin yara na Toronto suka haɗa bakin zaren: yaran da ƙodarsu ta tsaya, a kashinsu akwai E. coli mai guba. Shekara guda kafin nan, a 1982, aka fara kama O157:H7 dumu-dumu a jihohin Oregon da Michigan na Amurka, inda mutane suka yi ta zawon jini bayan cin hambaga.

Gidan wannan ƙwaya shi ne hanjin dabbobi masu tuƙa: shanu a gaba, sai tumaki da awaki. Abin da ya sa lamarin ke da wuyar sha'ani shi ne dabbar ba ta ciwo. Sa mai ƙiba, lafiyayye, wanda duk mai duba dabbobi zai ce a yanka, yana iya ɗauke da ita yana zubarwa a kashinsa. Jijiyoyin jinin shanu ba su da wurin da gubar ke maƙalewa, mu kuwa muna da shi, kuma ya fi yawa a ƙoda. Ƙwayar tana iya yin watanni da ranta a cikin taki. Firji ba ya kashe ta, daskarewa ma haka. Tana jure tsami fiye da yawancin ƙwayoyin zawo. Sannan ba ta buƙatar yawa: ƙasa da ƙwaya 100 sun isa su kwantar da yaro, adadin da zai iya zama a bakin wuƙa ko a ƙarƙashin farce ido bai gani ba.

Yadda take kaiwa ga ƙoda ya cancanci a ɗan tsaya a kai, domin a nan ne dalilin kowace shawara da za ta biyo baya yake. Ita ƙwayar ba ta shiga jini. Tana manne ne a bangon babban hanji tana fitar da guba, gubar ta ƙone bangon, shi ne jinin da ake gani a kashi. Daga nan gubar ke ratsawa cikin jini. Ƙoda kuwa cike take da 'yan siraran jijiyoyi masu aikin rariya, suna tace datti su mayar da shi fitsari. Gubar ta kama fatar cikin waɗannan jijiyoyi, ta shiga ƙwayoyin halittarsu, ta tsayar da abin da ke ƙera musu furotin, su mutu. Jiki ya ga rauni, sai ya tura ƙwayoyin daskarar da jini su toshe. Gudaji-gudajin jini su cika hanyoyin. Jajayen ƙwayoyin jini da ke ƙoƙarin wucewa ta matsattsen wuri su yayyage. Shi ya sa abubuwa ukun suke zuwa tare: jini ya ƙare don an farfasa shi, ƙwayoyin daskarewa su ƙare don an cinye su, fitsari ya ɗauke don rariyar ta toshe. In abin ya yi tsanani ba ya tsayawa a ƙoda. Kusan ɗaya cikin huɗu na masu HUS yana taɓa musu ƙwaƙwalwa, a ga jijjiga ko suma ko shanyewar ɓarin jiki.

Darasin da aka saya da rayukan yara

Duniya ba ta ɗauki wannan ƙwaya da gaske ba sai da ta kashe yara a ƙasar da ke da 'yan jarida da lauyoyi. A ƙarshen 1992 da farkon 1993, mutum 732 suka kamu a jihohi huɗu na yammacin Amurka bayan cin hambaga a shagunan Jack in the Box. Mafi yawansu yara ne 'yan ƙasa da shekara 10. Huɗu suka mutu, wasu da dama suka tashi da lalatacciyar ƙoda ko ƙwaƙwalwa. Jihar Washington ta riga ta ɗaga ƙa'idar gasa irin wannan nama zuwa digiri 68, amma shagunan suna bin tsohuwar ƙa'ida ta digiri 60. Tazarar digiri 8 ke nan. Ɗaya daga cikin yaran da suka mutu bai ma ci naman ba, daga wani yaro ya kwasa a gidan renon yara. A 1994 gwamnatin Amurka ta haramta sayar da niƙaƙƙen naman sa da aka samu O157:H7 a cikinsa.

Me ya sa niƙaƙƙen nama? Domin ƙwayar a bayan nama take zama, inda kashin dabba ya taɓa lokacin fiɗa. Tsokar da aka yanka gunduwa aka ɗora a wuta, bayanta ne ya fara shan zafi, ƙwayar ta mutu. Amma in aka zuba nama a injin niƙa, abin da ke waje ya koma ciki, naman dabba ɗaya mai ƙwayar kuma ya gauraye da na dabbobi masu yawa. A gasa bayan ya yi ja, tsakiya na nan da ɗanyenta.

Bayan haka sai ƙwayar ta riƙa ɓullowa ta inda ba a zata ba. A Yulin 1996, a birnin Sakai na Japan, ɗaliban firamare sama da 6,000 suka kamu ta abincin makaranta, uku suka mutu, bincike kuma ya nuna ɗanyen tsiron wani kayan lambu. A Mayun 2000, a Walkerton, wani ƙaramin gari a Kanada mai mutum kamar 5,000, ruwan sama mai yawa ya wanko takin shanu cikin rijiyar da ke ba gari ruwa, ba a kuma zuba sinadarin kulorin yadda ya kamata ba. Mutum kusan 2,300 suka kwanta, bakwai suka mutu. A 2011 Jamus ta ga mafi muni: sama da mutum 3,800, fiye da 800 da HUS, mutum sama da 50 suka rasu, kuma a wannan karon manya ne suka fi yawa, musamman mata. Da farko an ɗora laifin a kan kokwambar Sifaniya, manoman can suka tafka asara a banza. Daga baya hukumomin Turai suka danganta annobar da irin hulba da aka shigo da shi daga Masar, aka tsirar da shi aka ci tsiron ɗanye. Hulbar da ake tafasawa a gidajenmu ba ta cikin wannan magana, tafasa ta gama da ƙwayar. A 2022 kuma yara biyu suka mutu a Faransa bayan cin fiza ta kamfanin Buitoni. Ko ɗanyen garin fulawa an taɓa kama shi da laifi a Amurka a 2016, abin da ya kamata uwa ta tuna in yaro ya miƙo hannu zai lashi kwaɓin kek ko na cincin.

Mai karatu zai iya cewa duk wannan labarin ƙasashen Turawa ne da abincinsu na kanti. Afirka ma ta ga nata. A 1992, bayan fari mai tsanani ya kashe shanu a kudancin nahiyar, ruwan sama ya sauko ya wanke mushe da kashin dabbobi zuwa koguna. A Swaziland, wadda yanzu ake kira Eswatini, an ƙirga zuwa asibiti sama da 40,000 saboda zawo cikin watanni biyu kacal, Oktoba da Nuwamba, kuma gwaji ya nuna O157. A kudu maso gabashin Kamaru, tsakanin ƙarshen 1997 da farkon 1998, annobar zawon jini ta kama mutum kusan 300, an kuma samu wannan dangin E. coli tare da ƙwayoyin atuni a cikin marasa lafiyan. A Najeriya, masu bincike a jami'o'i sun sha gano O157 a kashin shanu, a naman mayanka, a madarar da ba a tafasa ba, da kuma a kashin masu zawo.

Ƙasar shanu, gidan awaki

Duk wanda ya san ƙasar Hausa ya san ba mu da nisa da dabba. Akuya a tsakar gida take kwana, yaro mai rarrafe yana bin ƙasar da ta bi, hannunsa kuma bakinsa yake nufa. Ragon layya a ƙofar gida ake yanka shi, a wanke tumbi da hanji a wurin, ruwan ya bi kwata, yara na tsaye suna kallo, wasu na riƙe da ƙafa. Wuƙar da ta farke ciki ita ce sau da yawa take yanka tsoka. A mayankar gari akan yi fiɗa a ƙasa, nama da kayan ciki a tabarma ɗaya ko baro ɗaya. Takin shanu ɗanye yana zuwa lambu, latas da kabeji da karas su fito daga lambun zuwa faranti ba su ga wuta ba. Da damina ruwa ya kwaso abin da ke turke da garke ya zuba a rijiyar da ba ta da baki ko a tafkin da ake ɗiba.

Abin da ke kare mu, in za a faɗi gaskiya, shi ne al'adarmu ta dafa nama har ya yi lugub. Miyar da ta daɗe tana tafasa, farfesu, dambun nama, soyayyen naman Sallah, duk sun wuce digiri 70 da ake buƙata. Tsiren da ya gasu har ciki shi ma haka. Haɗarin yana wajen abin da ke faruwa bayan wuta da gefen wuta: gasasshen nama a mayar da shi tiren da ɗanye ya kwanta, albasa da tumatir a yanka su a katakon da aka sare nama, mai girki ta taɓa ɗanyen nama ta juya ta ba yaro abinci a baki. Sannan cimar birni tana sauyawa. Shawarma da hambaga da sauran kayan niƙaƙƙen nama sun shigo manyan garuruwanmu, kuma yara ne manyan masu sonsu.

Batun nono yana son adalci. Inda aka tafasa madara kafin a sa ta kwana, an kashe ƙwayar, kuma mata masu wannan sana'a da yawa haka suke yi. Inda ba a tafasa ba, tsamin nono kaɗai ba ya isa, tunda ƙwayar na jure tsami. Ruwan da ake ƙarawa wajen damu da ƙwaryar da ake wankewa su ma ƙofa ce. Ɗanyar madara mai ɗumi daga hantsa, wadda wasu ke ba yaro don ya yi ƙarfi, ba ta dace da ɗan ƙasa da shekara biyar ba ko kaɗan.

To in haka ne, me ya sa ba ma jin sunan ciwon a asibitocinmu? Babban dalili shi ne gwajin kashi na yau da kullum ba ya nuna ta. Mai gwaji zai ga E. coli ya wuce, don kowa na da ita. Sai an shuka kashin a wani faranti na musamman mai sukarin da O157 ba ta iya ci, ko an nemi gubar kanta, kafin a bambance. Dalili na biyu shi ne ciwon yana shigar burtu. Yaro ya zo fari fat, jini ya ƙare, fitsari baƙi, yana jijjiga: duk ma'aikacin lafiya a yankinmu zazzaɓin cizon sauro zai fara kawowa a ransa, kuma yana da hujja, domin shi ma yana yin haka. In gwajin maleriya ya nuna akwai, kamar yadda yake nunawa a yara da yawa da damina, shi ke nan an rufe bincike. Zawon jinin makon jiya ba wanda ya tambaya, uwa kuma ba ta faɗa ba tunda a ganinta ya wuce. Akwai kuma wasu abubuwan da ke tsayar da ƙodar yara. A Gambiya a 2022, da yara suka fara mutuwa da ciwon ƙoda bayan ambaliya, E. coli na cikin abin da aka fara zargi, kafin bincike ya kai ga gurɓataccen maganin tari na ruwa. Yara kusan 70 suka rasu. Wannan ya nuna irin aikin da ke gaban likita: dole ya tambayi abin da yaro ya ci, ya sha, da abin da aka ba shi, ya kuma samu ɗakin gwaji da zai raba masa gardama.

Maganin da ke iya ƙara wuta

A nan ne maganar ta fi nauyi a wurina. Abin da aka saba, in an ga jini a kashin yaro, shi ne a aika kemis. A haɗo Flagyl da Septrin, ko sifro, a ƙara da maganin tsayar da zawo, in yaro na kukan ciki a ba shi ibuprofen. Ga yaron da ke ɗauke da E. coli mai guba, kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya ja masa.

Umarnin yin gubar ba na ƙwayar ba ne tun asali, wata ƙwayar bairos ce da ke kwance a cikinta take ɗauke da shi. In wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta suka taɓa ta, musamman dangin sifro da Septrin, bairos ɗin yakan farka, ya hayayyafa, gubar ta ƙaru, ƙwayar ta fashe ta zubar da ita gaba ɗaya. A shekarar 2000 wasu likitoci a Siyatil ta Amurka suka wallafa binciken da suka yi kan yara 'yan ƙasa da shekara 10 masu O157:H7, suka ga waɗanda aka ba irin waɗannan magunguna sun fi faɗawa HUS. Shi ya sa a ƙasashen da ke gwaji, in an tabbatar ita ce, ba a ba da su. Maganin tsayar da zawo irin Imodium yana kwantar da hanji ne, gubar ta daɗe a ciki tana tsotsuwa, kuma dama bai halatta ga ƙananan yara ba. Ibuprofen da diclofenac kuwa suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, a daidai lokacin da ƙodar ke neman agaji.

Sai dai kada wani ya karanta wannan ya hana ɗansa maganin da likita ya rubuta. A yankinmu, mafi yawan zawon jini na yara atuni ne na ƙwayar Shigella, shi kuwa yana kisa in ba a ba da magani ba, har ma nau'insa mafi tsanani kan jawo HUS shi ma. Saboda haka ne ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga ƙananan asibitoci ta ce yaro mai jini a kashi a ba shi sifro na kwana uku. Ƙa'idar tana ceton rayuka. Akwai alamun da ke taimaka wa likita ya rarrabe: atuni yakan zo da zazzaɓi mai zafi da yawan nishi, ita kuwa E. coli mai guba takan zo da murɗa mai tsanani da jini mai yawa ba zazzaɓi. Amma alama ce kawai, ba hukunci ba. Abin da nake cewa shi ne wannan shawara ce mai kaifi biyu, wadda ko likita sai ya auna. Ba ta yaron kemis ba ce, ba ta maƙwabciya ba ce. Jini a kashin yaro, kowane iri ne, na asibiti ne a ranar.

Har yau babu maganin da ke karya gubar in ta shiga jini. Abin da ake yi shi ne a riƙe yaro da rai har jikinsa ya gyara kansa, kuma abin farin ciki, ƙodar yara tana da saurin farfaɗowa. Bincike ya nuna cewa yaran da aka yi wa ƙarin ruwa ta jijiya tun kwanakin farko na zawon, kafin ƙodar ta taɓu, sun fi tsira daga ɗaukewar fitsari. A gida, ruwan gishiri da sukari da ci gaba da shayarwa suna nan a matsayinsu tun daga ranar farko. Amma da zarar fitsari ya ɗauke yaro ya fara kumbura, lissafi ya juya: ruwan da ba shi da hanyar fita yana taruwa a huhu, ya jawo hawan jini. Daga nan sai asibiti, inda za a auna abin da ya shiga da abin da ya fita, a duba gishirin jini, a yi ƙarin jini in ya ƙare. Kusan rabin yaran da suka kai wannan mataki sukan buƙaci wankin ƙoda na kwanaki ko 'yan makonni.

Wankin ƙodar ƙaramin yaro ba lallai sai da babban inji ba. Akwai hanyar da ake sa siririn bututu a cikin yaro, a zuba wani ruwa na musamman, ya jawo dattin jini ta fatar da ke lulluɓe da hanji, a zubar a sake. Ita Gianantonio ya yi amfani da ita a Ajantina tun shekarun 1960. Ba ta dogara da wutar lantarki ba, kuma likitoci a ƙasashen Afirka da dama sun yi ta da kayan da ke hannunsu sun ceci yara. Abin da take buƙata shi ne ma'aikatan da aka horar, bututu, ruwan, da tsafta.

Yaron da ya tashi daga HUS bai gama da asibiti ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin waɗanda suka rayu sukan rage da wani tabo a ƙoda, yawanci mara tsanani, amma wani kan fito da hawan jini ko raunin ƙoda bayan shekaru. A Sakai, wata da ta kamu tana 'yar firamare a 1996 ta rasu a 2015 sakamakon abin da ciwon ya bar mata. Don haka a riƙa auna jinin yaron da fitsarinsa lokaci-lokaci ko da ya yi ƙiba yana wasa.

Abin da ke hannun iyaye ba shi da tsada. A dafa nama har cikinsa ya daina ja, musamman niƙaƙƙe. A raba wuƙa da katako da tiren ɗanyen nama da na abin da za a ci haka nan, in kuwa ɗaya ne, a wanke da sabulu tsakani. A tafasa madara, a tafasa ruwan shan ƙananan yara in daga rijiya ko rafi yake. A ɗaure dabbobi nesa da inda yaro ke rarrafe, a share kashinsu. Ganyen da za a ci ɗanye a wanke shi da ruwa mai tsafta, ga ɗan ƙaramin yaro kuwa dafaffe ya fi. Jariri ya tsaya a nonon uwa zalla har wata shida. In yaro ɗaya ya kamu, a tuna yana iya ci gaba da fitar da ƙwayar a kashinsa har makonni bayan ya warke: mai yi masa tsarki ta wanke hannu da sabulu, kada a haɗa shi wanka a baho ɗaya da ƙannensa, kada a mayar da shi makaranta yana zawo.

Sannan, iyaye mata, na roƙe ku da abu guda. Duk yaron da ya yi zawon jini, ku sa masa ido mako biyu cur daga ranar da ya fara, ko da ya warke sarai. Ku riƙa lura da sau nawa ya yi fitsari da launinsa. Ku ja fatar idonsa ta ƙasa ku duba, ku duba tafin hannunsa. Yaron da ya yi awa 12 bai yi fitsari ba lamarinsa na gaggawa ne, kuma in ya koɗe ko ya kumbura ba sai an jira awa 12 ta cika ba. In kun isa asibiti, ku faɗa wa likita da bakinku cewa ya yi zawon jini a makon da ya wuce, ku nuna masa duk maganin da aka ba shi. Wannan jimla ɗaya tana iya sauya gwajin da zai rubuta.

Sauran aikin na hukuma ne. Ajantina tana samun yara kimanin 300 zuwa 500 masu HUS a kowace shekara, ta kuma san haka ne saboda tun shekarar 2000 ta wajabta wa likitoci su kai rahoton duk wanda suka gani. Ta ware ranar 19 ga Agusta, ranar haihuwar Gianantonio, don wayar da kan jama'a. Ma'aikatun lafiya na jihohinmu da na Nijar za su iya farawa da abin da bai fi ƙarfinsu ba: a sa farantin gwajin O157 a ɗakunan gwaji na manyan asibitoci, a umarci sassan yara su rubuta duk yaron da ƙodarsa ta tsaya bayan zawo, a horar da ma'aikata wankin ƙoda ta ciki a kowane babban asibitin jiha, a kuma zauna da Sarakunan Fawa a samar da ruwa da teburan fiɗa a mayanka, domin nama ya daina haɗuwa da kashin dabba a ƙasa.